Ƙarƙashin Randar Tumba

Na aiki Jabbi ya sayo garin koko,
ya dawo da gasara a leda
yana murna, har da canji.
Ban yi masa faɗa ba. A Mabera
koko ɗaya muka gada,
wanda ake sha da ƙosai.

Sai da na hau babur da kaina
har wani kanti a Gawon Nama
na samo shi cikin gwangwani.
Ƙamshi kamar ƙasar da ta sha ruwan fari,
na lasa, ɗaci ya kai mini har kunne.

Ba a wannan aiki da rana a garin nan.
Ranar Sakkwato ba ta da kara,
kwalta ma narke mata take yi,
balle cakulan.
Na jira aka sallame isha'i,
na jira bango ya huce,
sannan na hura gawayi.

Tukunya a ƙasa, ruwa yana ɓararraka,
kwanon silba a bisa, kada ya taɓa ruwan.
Man shanun da Luba ta kawo daga Dundaye
ya kwanta, ya saki jiki.
Sukari na daka a turmi, na tankaɗe sau biyu.
Madarar gari ludayi uku,
koko ludayi biyu da ɗan ƙari,
don hannuna ba ya jin magana.

Na farko ya lalace.
Gumin goshina ne, ɗigo ɗaya tak,
ya faɗa ciki,
abin ya cure kamar laka a bakin Rima.
Na zauna na dube shi, ya dube ni.
Jabbi ya cinye da cokali bai ce komai ba.

Na biyu na ɗaure goshi da ɗankwali,
na juya a hankali, a hankali,
har ya yi sheƙi,
har ya bi bayan cokali kamar zare.

Dabino na tsaga, na cire ƙwallo,
na cusa soyayyar gyaɗa a gurbinsa,
na tsoma ɗaya bayan ɗaya.
Wasu na birkima cikin riɗi,
wasu na bar su haka nan.
Talatin cif a kan faranti.

Daidai nan aka ɗauke wuta.
Firij ya yi tari ɗaya, ya yi shiru.
Modi mai ƙanƙara ya rufe tun tara.

Tumba, kakata, daga kan tabarma:
"Wanga baƙin abu mi na na?
Daddawa ta, ko kashin awaki?"
Na ce alewa ce, Inna.
Ta ce ita ta san alkaki, ta san nakiya,
ba ta san alewar da ke tsoron zafi ba.
Amma ta miƙe da sandarta,
ta nuna mini ƙarƙashin randarta,
inda yashi ke jiƙe shekara da shekaru,
inda kwaɗo ɗaya yake haya ba ya biya.

Na rufe farantin da kwano,
na dasa shi cikin yashin,
na yayyafa ruwa, na kwanta
kunnena yana wajen.

Da asuba sun kama jiki.
Ba ƙwarai ba,
kamar jaririn da ya fara zama.
Na ƙirga: ashirin da shida.
Na sake ƙirgawa.

Jabbi yana barci, bakinsa fes.
Kwaɗo ba ya buɗe kwano.
Tumba tana jan carbi, ta ba ni baya,
riɗi biyu a haɓarta,
haƙorinta ɗaya da ya rage
ya yi duhu.

Ta ce goro ne.
Rabonta da goro tun rasuwar Malam.

Kafin hantsi sauran sun fara hawaye.
Na kira yaran maƙwabta,
kowa ya lashe yatsa har wuyan hannu.
Tumba ba ta juyo ba, sai dai ta ce,
in zan sake, in rage gyaɗa,
wai saboda masu haƙori ɗaya
da ke cikin unguwa.